Manomi da Jitarsa ta Gwanjo

A wani ƙauye da ke gindin dutse akwai wani mutum, manomi ne, yana zaune shi kaɗai a gidansa. Matarsa ta rasu tun suna da sauran ƙuruciya, ba ta bar masa ɗa ba, shi kuwa bai sake aure ba. Da rana yana gona. Da yamma yakan dawo ya hura wuta, ya dafa abin da zai ci, ya ci, ya wanke kwanonsa. Ba ya jin motsin kowa a gidan sai na kajinsa.

Mutumin nan yana ƙaunar kiɗa. Tun yana saurayi ya ɗan koyi kaɗa jita a wurin wani mai bishara da ya taɓa zama a ƙauyen, amma bai taɓa mallakar tasa ba. Wata shekara, da ya gama girbi ya sayar da cittarsa, sai ya tafi birni. A rumfar masu gwanjo ya ga wata jita ta lantarki a rataye. Ta sha hannu ƙwarai. Fentinta ya kware, tsirkiyarta ta yi tsatsa, wuyanta ma ya ɗan karkace.

Mai rumfar ya ce masa, "Gaskiya ba ta manyan makaɗa ba ce. Amma tana magana."

Sai manomin ya saye ta da araha, haɗe da wata 'yar lasifika mai aiki da batir, ya kawo su gida.

A majami'ar ƙauyen kuwa akwai mutum uku masu jan waƙa. Na fari Baba Habila, tsoho ne, shi ke kiɗan ganga tun kafin a yi wa majami'ar rufin kwano. Ta biyu Afiniki, mai tuyar ƙosai a bakin hanya, ita ke ba da waƙa jama'a su amsa. Na uku Dogara, abokin manomin tun suna kiwon awaki tare. Yana da babbar murya, ko da yake ba kullum take sauka inda ya nufa ba.

Da suka ji labarin jitar, suka zo gani. Manomin ya haɗa waya, ya kunna lasifika, sai ga wani gunji kamar na zuma a cikin kogon itace. Ya kaɗa tsirkiya, sautin ya fito yana rawar ɗari. Dukansu suka fashe da dariya.

Baba Habila ya ce, "Ɗana, wannan abin kuka yake yi ko waƙa?"

Manomin ya ce, "Duka biyun, Baba."

Tsohon ya ce, "To, ai irinmu ce. Kaɗa mu bi ka."

Daga ranar, kowace Asabar da yamma sukan taru a zauren manomin su shirya waƙoƙin Lahadi. Afiniki takan zo da ragowar ƙosai, Dogara ya zo da rake. Sukan yi waƙa, su ɓata, su yi dariya, su koma daga farko. Wani lokaci jitar takan saki murya a tsakiyar waƙa, sai a dakata ya ɗaure ta, ana ta hirar taki da ruwan sama. Gidan da ya daɗe shiru ya sami muryoyi. Manomin yakan tashi ran Litinin yana ɗokin Asabar.

Da kaka ta zagayo, ya koma birni ya sayo sabuwar tsirkiya, sautin ya washe. Kakar da ta biyo baya ya canza ƙarafunan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, gama tsofaffin sun saki, ba sa riƙewa. Daga nan jitar ta daina sakin murya. Wata shekarar ya kwance 'yan ƙarafan nan masu maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiya, waɗanda ke ɗaukar sauti su kai wa lasifika, ya sa waɗanda suka fi su. Ya zauna wurin wani mai gyaran rediyo ya koyi liƙa waya da dalma, ya fitar da tsofaffin wayoyin cikinta, ya sa sababbi. Gunjin nan na zuma ya ɓace ɗungum. Ya miƙe wuyanta a hankali. Ya bi ƙarafan da ke jere a wuyan da magagari ɗaya bayan ɗaya, har yatsa ya riƙa wucewa sumul. Ya kankare tsohon fentin da samfefa, sai ya tarar ashe katakon da ke ƙasa yana da zane mai kyau, don haka bai sake shafa fenti ba, ya goge shi da mai kawai. Ya ba baduku ya ɗinka masa marataya ta jar fata.

A cikin wannan duka ba laifi. Mutumin ya yi haƙuri, ya yi aiki da hannunsa, ya mai da abin da aka raina ya zama abin sha'awa. Abokansa ma sun yi murna tare da shi. Duk sa'ad da ya kawo sabon abu, Dogara ne ke riƙe masa fitila.

Amma ga abin da ya faru. Shekarun nan da ya yi yana kasa kunne don ya gano inda aibi yake a jikin jitar, kunnensa ya yi kaifi. Hannunsa kuma ya saba da abu guda: in ka ji aibi, ka kwance noti, ka cire, ka sa sabo. Da aibi ya ƙare a jikin jitar, kunnen bai huta ba. Sai ya juya kan waɗanda suke zaune a zauren.

Ya fara jin cewa hannun Baba Habila yana latti. Ba da yawa ba, ɗan kaɗan ne, kamar mai tafiya da ƙaya a ƙafa. Da can bai taɓa lura ba. Yanzu kuwa ba ya jin kome a waƙar sai wannan. Ya yi ta haƙuri, har wata kaka ya ga wani ɗan akwati a birni mai buga ganga da kansa, ba ya gajiya, ba ya latti. Ya saya ya kawo.

Ran Asabar ya ce wa tsohon, "Baba, hannunka ya gaji. Ka koma cikin dattawa ka zauna. Na samo abin da zai ɗauke maka nauyin."

Baba Habila ya dubi akwatin, ya dubi hannuwansa. Ya ce, "To, ɗana. Allah ya sa albarka." Ya rataya gangarsa a kafaɗa, ya fita.

Da ganga ta daidaita, sai muryar Afiniki ta fito fili. Hayaƙin tuya na shekara da shekaru ya sa ta dushe, in ta hau sama takan tsage. Manomin bai iya ce mata ta bari ba, gama ta girme shi, ta kuma yi masa alheri mai yawa. Sai ya riƙa ce mata, "Yaya, ɗan ja baya kaɗan." Wata Lahadin ya sake cewa, "Yaya, ƙara ja baya." Tana ja, tana ja, har wata rana ta ga ta kai bencin mata, sai ta zauna. Ba ta ƙara zuwa ran Asabar ba. Da farko takan biyo ta ajiye masa ƙosai a bakin zaure ta wuce. Daga baya wannan ma ya tsaya.

Saura Dogara. Wata yamma suna cikin waƙa su biyu, manomin ya tsai da shi ya gyara masa, ya sake tsai da shi, ya kuma sake. Sai Dogara ya ce, "Abokina, na ga saura ni. Ka faɗa mini ranar tawa tun yanzu, kada in yi wanka in zo a banza."

Manomin ya ce, "Ni ban kori kowa ba. Aikin Allah ne, ya kamata a yi shi da kyau."

Dogara ya ce, "Haka ne." Ya ɗauki hularsa ya tafi, ya bar raken a jingine da bango.

Daga nan manomin ya riƙa tsayawa gaban jama'a shi kaɗai, da jitarsa da akwatinsa. Kiɗan kuwa ya yi daɗi, ba mai musu. Har daga wasu ƙauyuka akan zo ji. Amma yakan lanƙwasa waƙa ya kai ta inda muryar talaka ba ta iya bi, sai jama'a suka riƙa yin shiru suna sauraro. Tsofaffin mata da suka saba rera waƙa da ƙarfi suka koma motsa leɓe kawai. In an tashi sujada sai a ce masa, "Sannu da aiki," daga nesa, kamar yadda ake gai da baƙo mai daraja. Kowa ya kama hanyar gidansa. Shi kuwa ya naɗe wayoyinsa shi kaɗai, ya rufe ƙofar majami'a.

Asabar ce ta fi yi masa nauyi. Yakan share zauren bisa ga sabo, ya shimfiɗa tabarma, sa'an nan ya tuna ba mai zuwa. Ya kunna akwatin, akwatin ya buga daidai. Amma akwatin bai taɓa tambayarsa yadda dawarsa ta yi ba. In ya ɓata kiɗa ba mai dariya, in ya yi daidai ba mai cewa madalla. Yakan kaɗa har rana ta faɗi, ya kashe, shirun gidan ya dawo ya fi na da, gama yanzu ya san yadda gidan yake in da mutane.

Ya ji a ransa akwai abin da ya rasa. Sai ya ce, "Lalle akwai sauran gyara a jikin jitar nan." Ya koma birni. Ya canza abin da ya riga ya canza, ya cire mai kyau ya sa wanda aka ce ya fi. Haka ya yi ta yi, kaka bayan kaka, abin da ke ransa kuwa bai motsa ba.

Ana nan, sai ya ji labari cewa Baba Habila ba shi da lafiya, tun farkon damina yake kwance. Ya yi niyyar zuwa dubiya, amma bai san abin da zai faɗa in ya shiga ba, sai ya yi ta ɗagawa.

Wata Asabar da la'asar yana dawowa daga birni da wani sabon ƙarfe a aljihu, a naɗe cikin takarda. Mota ta sauke shi a mararraba, hanyar gidansa kuwa ta bi ta bayan gidan tsohon. Da ya zo daidai zanar gidan, sai ya ji ganga. Ya tsaya. Ya leƙa ta wata kafa.

Ga Baba Habila a kan tabarma, an jingina shi da rumbu, ya rame ƙwarai, ganga tana bisa cinyarsa. Ga matarsa a gefensa. Ga Afiniki, ga Dogara. Suna rera wata tsohuwar waƙar yabo. Hannun tsohon ya fi da latti nesa ba kusa ba. Amma manomin ya ga wani abu da bai taɓa lura da shi ba a dukan shekarun da suka yi tare. In hannun ya makara, Afiniki takan ja kalmar ta riƙe, Dogara ma ya riƙe, har sai hannun ya sauka a kan fata, sa'an nan su ci gaba tare. Jiransa suke yi. Ba wanda ya dubi wani, ba wanda ya ɓata fuska.

Zuciyar manomin ta ce masa, "Shiga." Ƙafarsa ma ta ɗaga. Amma kunya ta kama shi, ya ce a ransa, "Da wane ido zan shiga hannu wofi? Bari in je in ɗaura wannan ƙarfe tukuna. Asabar mai zuwa in zo da jita, in yi wa Baba kiɗan da bai taɓa ji ba." Ya daɗe a tsaye a wurin. Sa'an nan ya wuce.

Kafin Asabar ta zo, wata safiya aka buga ƙararrawar majami'a ba a lokacin sujada ba. Baba Habila ya rasu.

Manomin ya ɗauko jitarsa da lasifika da batir, ya tafi wurin jana'iza yana haki. Matar marigayin ta gan shi, ta ce, "Sannu, ɗana. Ajiye kayanka can a inuwa, kada rana ta ɓata maka su. Zo ka tsaya tare da mu." Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ya ajiye, ya zo ya tsaya hannu wofi a cikin jama'a.

Afiniki ta ba da waƙa da dusasshiyar muryarta, dukan ƙauyen suka amsa. Manomin ya buɗe baki don ya bi, sai ya ji tasa muryar. Rabonsa da rera waƙa cikin mutane ya daɗe. Muryar ta fito a karkace, tana rawa, ta fi ta Dogara kaucewa, wasu kalmomin ma ya manta su. Ya ji tsoro, ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa. Ba wanda ya juyo. Waƙar ta ɗauki muryarsa yadda take, ta tafi da ita. Sai ya sunkuyar da kai ya yi kuka.

Da aka gama binnewa, jama'a suna watsewa, Dogara ya zo ya tsaya kusa da shi. Ya ce, "Ran nan Baba ya ga ƙafafunka ta ƙarƙashin zana. Mun riga mun gama, amma ya ce a ƙara waƙa ɗaya, ko za ka shigo."

Da Dogara ya faɗi haka, sai ya tafi.

Mutumin ya koma gida, ya jingine jitar a kusurwa. Kwanaki suka wuce bai taɓa ta ba. Yakan je gona ya dawo, ya zauna a bakin zaure har duhu ya yi. Sa'an nan wata safiya ya tashi ya tafi bakin hanya inda Afiniki ke tuya. Ya jira masu saye suka ragu, ya durƙusa gefen murhu.

Ya ce, "Yaya, na yi miki laifi. Ki gafarta mini. Ina roƙo ki dawo."

Ta ci gaba da juya ƙosai a cikin mai, ba ta dube shi ba. Can ta ce, "Ƙanena, muryata ba ta gyaru ba. Ta ma fi da lalacewa."

Ya ce, "Na sani, Yaya. Ki zo da ita haka."

Ta ce, "Gafara kam na gafarta maka tuni. Zuwa kuwa, zan gani."

Asabar ta zo, ya shimfiɗa tabarma, Afiniki ba ta zo ba. Wata Asabar ta zo, haka nan. Bai yi fushi ba, ya ci gaba da shimfiɗawa. Sai bayan an fara sanyi ya ji sallamarta a ƙofa. Dogara ya fi ta daɗewa, da ya dawo ma hirarsu ba ta koma kamar da ba sai a hankali. Manomin bai ƙara kunna akwatin ba. Ya koyi sassauta hannunsa, ya riƙa bin muryoyinsu a maimakon ya ja su. Amma in sun kai inda ganga ya kamata ta shigo, sai wurin ya zauna wofi, su uku su ji shi. Haka ya kasance har iyakar kwanakin mutumin.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Jitar ita ce duk wata baiwa da Allah ya danƙa a hannunka, ko waƙa ce, ko koyarwa, ko sana'a, ko riƙon gida. Daidai ne ka kula da ita, ka gyara ta, ka sa ta fi yadda ka same ta. Ubangiji ba ya son ragwanci. Manomin bai yi zunubi ba da ya canza tsirkiya, bai kuwa yi ƙarya ba da ya ce aikin Allah ya kamata a yi shi da kyau. Inda ya ɓata shi ne, ya ɗauki hannun da ya saba kwance ƙarfe ya ɗora a kan mutane.

Mawaƙan nan uku su ne waɗanda Allah ya zaunar kusa da kai. Ba kai ka zaɓe su ba, kuma kowannensu yana da inda ya gaza. Wani yana da nawa. Wata ta tsufa. Wani kullum yakan faɗi magana ba daidai ba. Amma ikkilisiya ba kayan ƙarfe ba ce da aka ɗaure da noti. Ubangiji ya mai da mu gaɓoɓin jiki ɗaya. In ka cire ƙarfe, za ka sami wani a kasuwa. In ka cire mutum, gurbinsa yakan zauna wofi, kai ne kuma za ka zauna kusa da gurbin.

Akwatin nan mai buga ganga shi ne duk abin da muke sawa a madadin mutane don ba ya ba mu wahala. Ba ya latti, ba ya gardama, ba ya bukatar haƙurinmu. Amma ba ya ƙaunarmu.

Ku lura kuma, manomin bai taɓa ce wa kowa "tafi" ba. Da ladabi ya yi abinsa: "Ka huta," "Ɗan ja baya kaɗan." Mu ma haka muke yi. Ba ma korar kowa. Mukan daina kiran mutum ne kawai, mu daina tambayar ra'ayinsa, mu daina bi ta ƙofar gidansa, har ya gane da kansa. Sa'an nan mu ce ai shi ya janye.

Ku tuna yadda Yesu Almasihu ya same mu. Ba sababbi ya tarar da mu ba. Mun sha hannu, mun yi tsatsa, mun karkace. Yana jin kowane aibi da ke cikinmu fiye da yadda muke jin na juna, gama ba kunnen da ya kai nasa kaifi. Duk da haka bai cire mu ya nemo waɗanda suka fi mu ba. Ya saye mu da tsada, yana kuma gyaranmu a hankali har yau. In mun makara, yakan riƙe waƙar ya jira mu. Wanda aka yi wa irin wannan haƙuri, yaya zai ƙi jiran ɗan'uwansa?

Abu na ƙarshe, shi ne ya fi nauyi. Mutumin nan ya tsaya a bayan zana, tsakaninsa da gafara taki kaɗan ne. Ba mugunta ce ta hana shi shiga ba. Yana so ne ya shiga da abin burgewa a hannu, alhali tsohon ba kiɗa yake jira ba, shi yake jira. Da yawa a cikinmu muna tsaye a irin wannan wuri yau, muna cewa sai na shirya, sai na san abin da zan faɗa, sai na sami abin da zan kai.

Yanzu kowa ya yi shiru kaɗan, ya tambayi kansa: wa na ja baya da shi? Ba sai ka yi dogon tunani ba, sunansa ya riga ya zo maka. In yana da rai, ka gode wa Allah. In an tashi daga nan, kada ka biya gida tukuna. Ka san hanyar gidansa, ka tafi yadda kake.